Na daina shan suga amma lamba ta ƙi sauka, ina laifin yake?

Baban Fadila:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abokin aikina ne ya jefo ni cikin wannan zaure, ya ce a nan zan tarar da waɗanda suka riga ni shiga wannan hali. Yau sati uku ke nan da aka ce ina da ciwon suga. Fitsarin dare ne ya ishe ni, ga ƙishirwa kamar wanda ya yini a gona, da na je asibiti aka gwada ni da safe ban ci komai ba, aka samu sugan jinina 212. Likita ya ɗora ni a kan maganin metformin, ya ce in kula da abinci. Layi ya yi tsawo, ban samu sararin tambayarsa me kulawar take nufi ba.

Tun daga ranar na yi bankwana da suga. Shayi lami nake sha, lemun kwalba ko kallonsa ba na yi. Uwargida ta daina tuƙa min tuwon shinkafa ta koma na alkama, tunda kowa cewa yake shi ne abincin masu suga. To jiya da daddare na ci malmala biyu da miyar kuka, bayan awa biyu na gwada, sai ga 247. Wallahi jikina ya yi sanyi. Idan ban sha suga ba, wannan sugan daga ina yake fitowa?

Hajiyar Gusau:
Wa alaikumus salam ɗana. Sannu, Allah ya sa kaffara ne. Daga cikin malmala biyun nan ya fito, ba daga ko'ina ba. Shekarata 11 da wannan ciwo, kuma ni ma da tuwon alkamar nan na fara, har buhu na sa aka saya min. Wata shida ina ci ina ganin na tsira, lamba na hawa.

Abokin Kowa:
Haba Hajiya, tuwo fa babu zaƙi a cikinsa. Ta ina tuwo ya zama suga?

Sistar Zariya:
Wa alaikumus salam Baban Fadila, sannu da jiki. Tambayar da Abokin Kowa ya yi ita ce kan maganar, bari in ɗan tsawaita.

Ka samu gutsuren biredi ko ɗan tuwo, ka tauna shi ka daɗe ba ka haɗiye ba. Za ka ji ya fara zaƙi a bakinka. Dalili shi ne sitacin da ke cikin hatsi ƙwayoyin suga ne da aka jera kamar carbi. Yana ɗaure ba a jin zaƙinsa, amma tun daga miyau jiki ke fara tsinke zaren, hanji ya ƙarasa, ƙwayoyin su zube cikin jini a matsayin gulukos. Ita kuwa na'urarka ta gwajin suga gulukos take ƙirgawa, ba ruwanta da ko daga gwangwanin suga ya fito ko daga tukunyar tuwo.

Abin da ake kira kabohaidiret gida uku ne. Akwai mai zaƙi: suga, zuma, rake, dabino, zaƙin 'ya'yan itace, har da wanda ke cikin madara. Akwai sitaci: shinkafa, gero, dawa, masara, alkama, acca, doya, rogo, dankali, gwaza, taliya, biredi. Sai kuma harza, wato ɓangaren ganye da dusa da ɓawon wake wanda jiki ba ya iya narkarwa. Biyun farko su ke ɗaga suga. Na ukun shi ke rage musu gudu.

Mai lafiya in ya ci tuwo, insulin ɗin da ke fitowa daga fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, shi ke buɗe wa gulukos ƙofa ya shiga tsoka da hanta. A ciwon suga nau'i na biyu, wanda galibin manya ke samu, jiki ya daina jin maganar insulin yadda ya kamata, kuma wanda ake samarwa ba ya isa. Sai abin ya taru a jini.

Game da alkama: busasshen garin alkama, na dawa, na gero, na masara, duk kusan ɗaya suke, a kowane giram 100 akwai kabohaidiret wajen giram 70. Alkamar da ba a cire dusarta ba ta fi harza, wannan gaskiya ne, amma in aka niƙe ta laushi aka tuƙa, ba ta jimawa a ciki. Sunan hatsin ka canza, girman malmalar yana nan.

Baban Fadila:
Ikon Allah. Sista, ke nan har rabin biredin da nake haɗawa da shayin lamin nan da safe...

Hajiyar Gusau:
Rabin biredi! Ka kori akuya ka bar wa kura ƙofa a buɗe, ɗana.

Sistar Zariya:
Hajiya ta faɗa cikin raha amma lissafin haka yake. Ƙaramin cokalin shayi na suga giram 4 ne. Yankan biredi ɗaya madaidaici kuwa wajen giram 15. In da cokali biyu kake zubawa, giram 8 ka cire daga shayi, kana kuma cin yanka huɗu ko biyar. Dafaffiyar farar shinkafa kofi ɗaya wajen giram 45 ce, kwatankwacin cokali 11. Kuma wa ke cin kofi ɗaya ya tashi a gidajenmu?

Malam Mai Nazari:
In ƙara da abin da na karanta lokacin da mahaifiyata ta kamu. A 1981 wani masani a Jami'ar Toronto da ke Kanada, David Jenkins, shi da abokan aikinsa suka fito da ma'aunin da ke nuna saurin da kowane abinci ke ɗaga suga, aka ba tsantsar gulukos maki 100. Abin da ya ɗaure min kai shi ne farin biredi da farar shinkafa sun haura 70, alhali sugan shayi yana wajen 65, don rabinsa ne kawai gulukos. Dangin wake kuma can ƙasa suke. Tun daga nan na daina auna abinci da harshe.

Ɗan Kurmi:
To ai magana ta ƙare. Tunda tuwo suga ne, shinkafa suga ce, a bar su gaba ɗaya mana. Ni wata huɗu ke nan ban ci hatsi ba. Ƙwai, kifi, tsire, ganye, shi ke nan. Na rage kilo 9, lambata da safe ba ta wuce 105. Duk wannan ƙirge-ƙirgen cokali wahalar da kai ne. Baban Fadila ka yanke shawara irin ta maza kawai.

Maman 'Yan Biyu:
Ɗan Kurmi, da alama aljihunka da nauyi. Ƙwai nawa ne yanzu? Mu takwas ne a gida, maigidan ne mai ciwon. In ce masa kullum kifi da tsire, yaran kuma su ci me? Kuma ni ba zan iya ɗora tukunya biyu sau uku a rana ba, gas ɗin ma ya isa magana.

Ɗan Kurmi:
Hajiya, kuɗin wankin ƙoda ya fi kuɗin ƙwai.

Sistar Zariya:
A'a, kada mu tsorata mutane. Ɗan Kurmi, ba zan ƙaryata ka ba, rage kabohaidiret sosai yana saukar da suga, kuma rage ƙiba na daga cikin manyan abubuwan da ke gyara nau'i na biyu. Ina taya ka murna da kilo 9 ɗin nan. Amma abu biyu. Wane magani kake sha?

Ɗan Kurmi:
Metformin kawai.

Sistar Zariya:
To ka gani. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake faɗar da suga ƙasa da ƙima ba. Amma a zauren nan akwai masu shan glibenclamide, akwai masu allurar insulin. Waɗannan magunguna za su ci gaba da jan suga ƙasa ko ka ci ko ba ka ci ba. Mutum ya karanta maganarka, gobe ya sha maganinsa ya ƙi cin hatsi, sai a tsince shi a sume a shago. Wanda ke kan irin waɗannan ba ya rage abinci da yawa sai an rage masa magani tare, kuma likitansa ne zai yi wannan. Haka mai juna biyu, haka wanda ƙodarsa ta fara taɓuwa, don shi yawan nama ma wata matsala ce.

Na biyu, tsarin da mutum zai riƙe shekara goma ya fi wanda zai riƙe wata uku ya watsar. Na ga da yawa sun ƙaurace wa tuwo, ranar da suka gaji suka dawo da malmala uku.

Hajiyar Gusau:
Maganar faɗuwar sugan nan kada a wuce ta. Ta taɓa kama ni a gidan biki. Na sha magani da safe, na ce ba zan taɓa shinkafarsu ba, na zauna har la'asar. Sai gumi, hannu na rawa, zuciya na bugawa, ina ganin mutane biyu-biyu. Wata jikata ce ta ɗura min rabin kwalbar lemo na dawo hayyacina. Tun daga ranar ba na fita babu ƙwayar suga a ƙullin zanena. Mai ciwon suga da yawo da suga, mutane na dariya, ni na san abin da na gani.

Sistar Zariya:
Daidai kika yi, Hajiya. In lamba ta yi ƙasa da 70, a sha giram 15 na abu mai saurin shiga jini: babban cokali ɗaya na suga ko zuma a ruwa, ko rabin kofin lemun kwalba. A jira minti 15 a sake gwadawa, in ba ta hau ba a maimaita, sannan a ci abinci. Wanda ya riga ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a nufa da shi.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ina bin maganarku amma lambobin sun rikita ni. Ni a takardata an rubuta 1,85. Ku kuma ina jin 200, 247. Ko nawa bai kai ciwo ba ne?

Malam Mai Nazari:
Ma'auni ne ya bambanta, ɗan uwa. Ku a Nijar da giram a lita ake rubutawa, irin na Faransa. Ninka da 100, naka 185 ke nan a lissafinmu. Wasu asibitoci a nan kuma da ma'aunin mmol suke yi, shi sai a ninka da 18, wato 7 daidai yake da 126. Kuma 126 ɗin nan, ko 1,26 a wajenku, ita ce iyakar da in gwajin safe kafin cin abinci ya kai ta, aka maimaita aka sake samu, ake cewa mutum na da ciwon. Saboda haka in da safe kafin cin abinci aka gwada ka, naka ya haura.

Ɗan Maraɗi:
To Allah ya sawwaƙe. Ni damuwata fura ce. Abincin ranata ke nan tun ina yaro.

Hajiyar Gusau:
Sha furarka, amma juya lissafin. Da ƙwallo biyu ake dama min a nono kaɗan, a zuba suga. Yanzu rabin ƙwallo ne a nono mai yawa, ba suga. Kuma ba na haɗa ta da wani abincin, ita ce abincin. Abin da na bari gaba ɗaya kunun zaƙi ne da zoɓon kasuwa da lemun kwalba, don abin sha ba ya tsayawa a ciki, kai tsaye yake wucewa jini. Zoɓo ni nake dafa abina da citta da kanumfari, in sha haka nan da tsaminsa.

Baban Fadila:
Na fara gane bakin zaren. To amma a aikace, in na zauna gaban kwano, nawa zan ci? Ni ba ni da sikeli a gida, kuma ba zan iya lissafin giram a kan tabarma ba.

Sistar Zariya:
Ba sai da sikeli ba. Samu faranti madaidaici, ba tire ba. Rabinsa ganye da kayan lambu marasa sitaci: zogale, rama, alayyahu, kabeji, kuɓewa, yalo, kokwamba, latas. Kashi ɗaya cikin huɗu abin gina jiki: kifi, nama, ƙwai, awara. Ragowar kashi ɗayan shi ne gurbin tuwo ko shinkafa ko doya, kwatankwacin dunƙulen hannunka. Mu abin da muka saba shi ne dutsen tuwo da ɗan tafkin miya a gefe. A juya: miya ta yi yawa ta yi kauri da ganye, tuwo ya zama ɗan rakiya.

Ka fara da ganyen da naman, tuwon ya zo daga baya. Ka raba hatsin a cikin yini maimakon ka tara shi duka a daren. In ka gama, ka taka ƙafa minti 10 zuwa 15, tsoka na jan gulukos in tana aiki. Tafiya masallaci sallar isha ma ta shiga lissafi in da ɗan nisa.

Sannan ka mai da na'urarka malaminka. Gwada kafin ka fara ci, ka sake gwadawa awa biyu daga lomar farko. Abin da ake so ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 kafin ci, ƙasa da 180 bayan ci, sai dai in likitanka ya sa maka wata iyaka daban. Rubuta abin da ka ci da lambar da ta fito. Mutum biyu za su ci waina iri ɗaya lambarsu ta bambanta.

Abokin Kowa:
Sista tsinken gwajin fa tsada gare shi, sau shida a rana ai sai mai hali.

Sistar Zariya:
Ba sau shida ba. Wanda ba ya kan insulin, ya ɗauki abinci ɗaya a rana: yau karin kumallo, gobe na rana, jibi na dare. Tsinke biyu ke nan. Cikin sati biyu zai san abokansa da maƙiyansa a cikin abincin gidansu, daga nan ya rage gwajin.

Maman 'Yan Biyu:
Wannan tsarin farantin shi ya cece ni, don tukunya ɗaya nake yi. In shinkafa da wake ne, nasa na fi cika wake, in yanka masa kabeji da tumatir a kai. Ranar tuwo, malmalarsa daban nake yi ƙarama, in ƙara masa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ba na sa suga a kwaɗon. Da safe ƙosai ko alala da ɗan koko rabin kofi, maimakon koko cike da kwano. Awara kuma ta zama naman gidanmu, yara ma sun fi son ta.

Matsalata ɗaya: cin taro. In abokansa suka zo aka fitar da tire ƙofar gida, hannu na shiga hannu na fita, wa zai ce ga dunƙulen hannu ɗaya? Kunya ba za ta bar shi ya ce a ɗebar masa daban ba.

Hajiyar Gusau:
Ki ce masa ciwon suga ba abin kunya ba ne, ba sata ya yi ba. In ya faɗa, zai sha mamakin mutum nawa a kan tiren nan ke ɓoye irin nasa.

Sistar Zariya:
Ƙaramin gyara, Maman 'Yan Biyu: wake ma yana da sitaci, sai dai harzarsa da furotin ɗinsa, wato abin gina jiki, na sa ya shiga jini a hankali, shi ya sa ya fi shinkafa zalla. Amma ɗan wake a kula da shi, don galibi garin rogo ko fulawa ne ya fi yawa a ciki, sunan ne kawai na wake.

Alaramma Ƙarami:
Ina da tambaya a kan zuma. Allah ya ce a cikin Suratun Nahli akwai waraka ga mutane a cikinta. Wani mai magani ya ce min in bar suga in koma zuma, in riƙa haɗawa da ruwan shuwaka da safe, wai ɗaci na kashe zaƙi.

Malam Mai Nazari:
Allah ya gafarta Malam, ba mai jayayya da ayar. Amma ayar ba ta ce a sha ba adadi ba, kuma wani wuri cewa aka yi ku ci ku sha kada ku yi ɓarna. Babban cokali ɗaya na zuma yana da suga wajen giram 17. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a sahun suga ta sa ta lokacin da ta ce kada sugan da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana. Ka ga ɗazu Sista ta ce da ita ake ɗaga sugan wanda nasa ya faɗi. Abin da ke ɗaga na wanda ya faɗi ba zai saukar da naka ba.

Sistar Zariya:
Shuwaka kuma a ci ta a miya, ganye ce mai kyau. Amma ɗaci a harshe ba ya goge gulukos a jini. Abin da na fi tsoro shi ne mutum ya ajiye maganin asibiti ya koma jiƙe-jiƙe, sai bayan shekara biyu ya dawo mana da gyambon ƙafa ko ido ya dushe. In kana shan wani abu na gargajiya, ka faɗa wa likitanka, kada ka ɓoye.

Abokin Kowa:
'Ya'yan itace fa? An ce min haramun ne gare mu.

Hajiyar Gusau:
Wa ya haramta? Goba ɗaya, lemun ɓawo ɗaya da za ka ci da tsokarsa, yankan gwanda ko kankana. Wanda za a matse a kofi ne ban yarda da shi ba, don an zubar da harzar an bar ruwan zaƙin. Lokacin mangwaro ne jarrabawata, ɗaya nake ci ƙarami in wanke hannu in bar wurin. Rake kuwa mun rabu. Dabino da azumi ƙwaya ɗaya ko biyu, sunna ta samu.

Ɗan Kurmi:
Ni dai har yanzu ina kan bakana, rashin cin ya fi sauƙi a kan ƙirgawa. Amma na karɓi maganar masu insulin, ban san da ita ba.

Baban Fadila:
Assalamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana biyar. Daren Talata tuwon alkamar dai, amma malmala ɗaya ƙarama, miyar kuɓewa da kifi cike da kwano, na fara da kwaɗon rama, na taka zuwa masallacin bakin titi na dawo. Kafin ci 151, bayan awa biyu 183. Daren Laraba na ce bari in gwada tuwon masarar da yara ke ci, girma ɗaya, miya iri ɗaya: 188. Ke nan duk kuɗin alkamar nan da na yi ta kashewa, bambancin 5 ne. Uwargida ta fi kowa murna, ta koma tukunya ɗaya.

Wanda ya ba ni kunya shi ne koko. Jiya na sha kofi babba da ƙosai uku, ba suga, sai ga 226.

Sistar Zariya:
Madalla, an samu ci gaba sosai. Koko gasara ce da aka tace aka zubar da dusar, ga shi ruwa-ruwa, shi ya sa. Gobe ka rage shi zuwa rabi, ka ƙara ƙosai ko dafaffen ƙwai, ka sake gwadawa. Lambarka ta kafin ci har yanzu tana sama kaɗan, sati uku ba su isa a yanke hukunci ba. Ka tafi da littafin nan da kake rubutawa ranar ganin likita, ka kuma tambaye shi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suganka na wata biyu zuwa uku.

Ɗan Maraɗi:
Ni ma na gwada rabin ƙwallon Hajiya yau da rana, 1,70 ya ba ni. Sai dai kafin la'asar yunwa ta dawo.

Hajiyar Gusau:
Sa gyaɗa a aljihu, cikin tafin hannu ɗaya, mara gishiri. Ba mai suga ba fa, na san halinku.